Inusa Tela da Romon Kirinjijiya

Duk wanda ya zauna a Zongon Kwatano a shekarun juyin juya hali ya san Inusa Maharbi, wanda bai san fuskarsa ba ma ya ci naman da ya harbo. Yaran unguwa sun tashi suna zaton da bindiga a kafaɗa aka haife shi. Ni kuwa in na ji ana wannan zance dariya nake yi, don na san shi tun yana Inusa Tela, mutumin da in za a yanka kaza a gidansa sai ya tuna yana da ɗinkin gaggawa a shago. Ni ce Asibi mai tuwo ta bakin tashar jirgin ƙasa, shi kuma taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, ke nan bawana ne, kuma duk abin da na ga dama zan faɗa a kansa, ba shi da bakin hana ni.

A Gaya aka haife mu, a bakin Kwara. Ubansa, Baba Idi, maharbin ruwa ne na gaske, wanda in ya tura jirginsa cikin ciyawa da sassafe ba ya dawowa sai da dinya ko kirinjijiya rataye a sanda. Kirinjijiya ita ce 'yar agwagwar dajin nan mai farar fuska da dogon wuya, wadda ke fito in tana tashi. Kowa ya ɗauka ɗan fari zai gaji uban, amma ina. Ranar da aka fara sa Inusa cikin jirgi ya rungume ƙafar ubansa yana kuka har aka dawo da shi gaɓa, aka sake gwadawa ya yi amai. Baba Idi mutum ne marar son tilas, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tela a kasuwa, ya ce ga shi nan, allura dai ba ta nutsar da mutum.

Allah kuwa ya sa wa hannun albarka. Yana saurayi ya biyo fataken goro zuwa kudu, ya sauka Zongo wurin 'yan uwa, ya yi wa wani aiki har ya samu keken kansa, ya buɗe shago kusa da rumfata. Ya auri Kaltumi 'yar Jugu, mace mai haƙuri da iya girki, suka haifi 'ya'yansu. Da mulki ya juya aka shiga kiran juna kamarad, sai kasuwarsa ta ƙara buɗewa, ga kakin 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ga tuta kore mai jan tauraro da kowane ofishi ke nema. Inusa bai san abin da tauraron yake nufi ba, amma babu wanda ya kai shi daidaita kusurwoyinsa. Mutum ne mai son tsafta har abin ya yi yawa, kullum cikin farar riga mai sitaci, in zai tsallake kwata sai ya tattare ta kamar amarya. Shekara da shekaru yana garin nan da teku a gaba, tabki a baya, bai taɓa yarda ruwa ya wuce idon sawunsa ba.

Da Baba Idi ya rasu, gidan Gaya ya zama kango. Ƙannensa mata duk sun yi aure nesa, sai uwarsa Gwaggo Mamata ita kaɗai da ƙafa mai kumburi. Bayan ta fita takaba Inusa ya je ya ɗauko ta, a mota zuwa Paraku, daga nan a jirgin ƙasa. Aka share mata ɗaki, Kaltumi ta saya mata sabuwar tabarma da buta, jikoki suka kewaye ta. Mun ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba. Gwaggo ta ƙi garin nan ƙi na gaske. Ta ce iskarsa gishiri, ruwansa gishiri, kifinsa ƙarni, tuwon masara kuma ba tuwo ba ne. Naman kasuwa ba ta taɓawa, wai ba ta ga wanda ya yanka ba, ko an rantse mata mahautan Zongo duk masu salla ne. Na bi kasuwar Dantokpa lungu-lungu na samo mata gero da kuka da daddawar arewa, na tuƙa da hannuna, ta yi loma biyu ta ture kwanon. Kunu kaɗai take kurɓa. Muna kallo matar nan tana ƙarewa, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Wata rana ta kira Kaltumi ta ce a gaya wa mai ɗinki, in motar masu goro za ta koma arewa farkon wata, da ita za a tafi. Mai ɗinki take ce masa, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, magana ma sai ta bi ta bakin wani.

Inusa ya zo rumfata ya zauna a benci, na zuba masa tuwo bai ci ba. Ya ce mini in ta koma gidan nan babu mai ɗebo mata ko ruwa, kuma ya san in ta hau motar nan ba zai ƙara ganinta ba. Ga shi ba ya iya hana ta, uwa ce. Ban tsokane shi ba ran nan.

Bayan 'yan kwanaki ina yi mata kitso a tsakar gida dab da magariba, sai wani garken tsuntsaye ya wuce can sama suna fito, wani siririn fito mai gaɓa uku. Ni ban ma kula ba, na saba ji. Gwaggo kuwa ta ɗaga kai har kitson ya kuɓuce mini. Ta ce kirinjijiya ce, me ya kawo ta garin gishiri? Daga nan bakinta ya buɗe, matar da ta yi wata ba ta haɗa zance ba. Ta ba ni labarin yadda marigayi ke shigowa da su da hantsi wuyansu a yanke, yadda take fige su a bakin murhu, da irin romon da take yi, mai daddawa da barkono da albasa, wanda maƙwabta ke jin ƙamshinsa su aiko da kwano. Ta haɗiyi yawu ina ji. Ta ce da za ta samu wannan romon ko sau ɗaya, da ta san ta ci abinci.

Ko wanke hannu ban yi ba na nufi shago. Na ce wa bawana ga abin da tsohuwa ke so, sai ya nemo. Ya ce zai sa a duba kasuwa. Na ce kasuwar wa, ita da ba ta cin yankan mahautan Zongo za ta ci tsuntsun da ba ta san wanda ya kashe ba? Ya yi ta juya almakashi. Can ya tambaye ni, a hankali, ko tsuntsayen nan suna sauka a tudu. Na ce masa agwagwa ce, kai kuma ɗan Baba Idi, ka daina ba ni kunya.

Samun bindiga a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Tun da sojojin haya suka dira filin jirgi aka kore su, duk wanda aka gani da dogon abu nannaɗe a tabarma sai an tsayar da shi. Amma akwai Malam Tahiru, wani dattijo mai gadin wani kamfani a unguwar Ganhi, tsohon maharbin fakara da zabin daji, yana da bindiga mai baki ɗaya da takardunta. Shi ya kama hannun Inusa ya kai shi wurin delege, wato wakilin gwamnati a unguwa. Delege ya dube shi sama da ƙasa, ga farar riga ga awon tela rataye a wuya, ya ce kamarad wa za ka harba? Inusa ya ce agwagwa. Delege ya yi dariya har da hawaye, sannan ya gyara murya ya yi musu lacca a kan cewa ƙasa na bukatar kowa ya samar da abin da zai ci, ya ce wannan shi ne ɗan juyin juya hali na ƙwarai. Ya nuna musu ofishin da za su je neman izini, ya kuma roƙi a tuna da shi in an yi romo.

Malam Tahiru ya riƙa fita da shi bayan gari ranakun Lahadi, can cikin gonakin kwakwa. Ya koya masa ya danna gindin bindiga cikin kafaɗa sosai, kada ya bar rata. Harbin farko Inusa ya bar rata, don kada rigar ta yamutse, bindiga ta hankaɗe shi ya zauna daɓas a yashi, ya yi mako yana taka keke da kafaɗa a karkace. Ya koya masa kada ya rufe ido in zai ja kunama, kada ya sa harsashi sai ya isa wurin farauta, kada bakin bindiga ya kalli mutum ko da babu kome a ciki. Ya riƙa jefa masa ɓawon kwakwa sama yana cewa kada ka harbi inda tsuntsu yake, harbi inda za shi. Abin mamaki, wannan bai ba Inusa wuya ba. Idon da ya saba bin allura tana gudu a kan yadi ya iya bin abu mai tafiya, ba a jima ba ɓawon kwakwa ya fara tarwatsewa a sama. Dattijon ya kuma karanta masa hukuncin abin, ya yi bisimilla kafin ya harba, in tsuntsu ya faɗo matacce ya halatta, in ya tarar da shi da sauran rai to lalle ya sa wuƙa ya yanka.

Jirgi kuwa ni na samo. Akwai Dosu, wani masunci daga ƙauyukan nan da ke kafe a kan ruwa cikin tabkin Nokuwe, wanda matarsa ke kawo mini bandar kifi a bakin Dantokpa. Shi ba Musulmi ba ne, amma mutumin kirki ne, gajere mai faɗin ƙirji, kullum bakinsa a buɗe da dariya. Ya ce ya san inda tsuntsayen ke kwana, can inda kogi ke shigowa tabki, kuma yanzu ne lokacinsu, ruwa ya cika ya kore gishiri. Abin da ya faru a tabkin nan na ji shi daga bakin su biyun, amma na fi yarda da na Dosu, don bawana yana rage wasu wurare.

Fitar farko Inusa ya iso gaɓa bayan sallar asuba cikin farar shadda da hula, har da turare. Dosu ya dube shi, ya ɗauka wata al'ada ce ta mutanen arewa. Inusa ya zauna a tsakiyar jirgi ya riƙe gefe da gefe, idonsa a rufe, yana ta salati, duk inda jirgi ya ɗan karkata sai ya ƙara murya. Da suka doshi ciyawa, tsuntsaye suka hango wani farin abu yana tahowa kamar tutar mai kankara, suka tashi tun daga nesa, ko harsashi bai sa ba. A hanyar dawowa Dosu ya nuna rigar ya nuna laka. Inusa ya gane. Ya koma shago ya tattara ragowar kakin 'yan lakwal da ƙyallen tuta kore, ya ɗinka wa kansa rigar farauta mai aljihu ta ko'ina, na harsashi daban, na wuƙa daban, na goro daban, har da na tasbaha. Da ya sa ta ya fito na ce masa ya yi kama da buhun da aka yi wa faci, amma gaskiya ɗinkin ya yi kyau.

Fita ta gaba aka yi sa'a. Dosu ya tura jirgi cikin doguwar ciyawa suka lafe, gari yana wayewa, sauro na cin su babu halin mari. Sai ga fiton nan ya taso, garke ya zo ƙasa-ƙasa ta gabansu. Inusa ya manta da tsoro, ya yi bisimilla, ya bi ta gaba da bakin bindiga ya saki. Biyu suka faɗo, suna fuffuka a kan ruwa, da ransu. Kafin ya gama mamakin kansa, Dosu ya yi tsalle ya faɗa ruwa don murna, ya cafko su, ya murɗe wuyan wannan ya murɗe na waccan, ƙwas ƙwas, yadda ubansa ya koya masa don kada tsuntsu ya wahala. Ya ɗago su sama bakinsa har kunne, ya miƙa wa Inusa da hannu biyu.

Inusa yana riƙe da wuƙar da ya kwana yana wasawa, ya dubi tsuntsayen, kawunansu na lilo. Dosu ya ce ya ga mutumin ya yi fuskar wanda aka aiko wa da rasuwa. Da Faransancin kasuwa da guntun yaren Fon da nuni, Inusa ya fahimtar da shi cewa sun zama mushe, shi da gidansa ba su ci. Dosu ya ce to ai ga wuƙa, ya yanka yanzu mana, wa zai sani? Bai faɗa da mugunta ba, shi a ganinsa wuƙar ce abin nema. Inusa ya ce shi ya sani, kuma ba zai kai wa uwarsa mushe ba ko da yunwa za ta mayar da ita Gaya. Ya ba Dosu tsuntsayen ya ce ya kai wa iyalinsa. Dosu ya tuƙo su gida kamar an zuba masa ruwan sanyi, yana ta ba da haƙuri. Matarsa dai ta ce mini ba su taɓa cin miya irin ta ran nan ba, ta ce a gaida tela.

Da labarin ya iso rumfata na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa, na ce bawana ya zama mai ciyar da ƙauyen kan ruwa kyauta. Daga baya kuma haushi ya kama ni, don wata ya kusa ƙarewa. Da yamma muna maganar da Kaltumi a bakin murhu, mun ɗauka Gwaggo barci take, sai muka ji muryarta daga ɗaki tana tambaya wa ya shiga jirgi. Kaltumi ta ce maigidanta ne. Can ta ce mai ɗinkin? Muka ce shi. Ran nan ta shanye kununta duka. Maganar tafiya kuwa ba ta janye ba, ta ma sa an wanke mata zannuwa.

Suka sake fita suka dawo hannu wofi, iska ta hana. Suka kuma fita, ya harba ya kuskure. Inusa ya rufe shago, masu kaya na zuwa suna zagi, ko a jikinsa. Masu goro kuwa sun fara ɗaure huhu, sun ce Asabar za su ɗaga.

Ana jibi tafiyar suka fita. Garken ya zo ta gefen da ba su zata ba, Inusa ya juya ya yi bisimilla ya saki, ɗaya ta faɗo. Fiffike kawai ya karye mata. Ta miƙe wuya ta kama iyo, ta nufi wani akaja, wato rassan itatuwan nan da masunta ke kafawa cikin tabki su yi kamar kurmi don kifi ya taru. Jirgi ba ya shiga ciki. Inusa ya ce wa Dosu ya yi maza ya kamo ta da ranta, kada dai ya murɗe. Dosu ya naɗe hannuwansa a ƙirji ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya yi wa kansa alkawari, hannunsa ba zai ƙara taɓa tsuntsun tela ba, don hannun nan ya saba, yana iya murɗewa kafin ya tuna. Inusa ya roƙa, ya yi masa bayani da Hausa da yaren Dendi da duk abin da ya zo bakinsa, Dosu ya kafe. Tsuntsuwa kuwa tana ƙara kutsawa cikin rassa.

Sai Inusa ya cire ɓawon harsashi, ya kwantar da bindiga a cikin jirgi, ya tuɓe hula ya ajiye a kanta. Ya dubi Dosu ya ce: “In ban fito ba, ka gaya wa Kaltumi keken na babban yaro ne. Ka gaya wa Inna na samo mata.” Ya sa wuƙa a baki, ya yi kalmar shahada ta tsakanin haƙora, ya rufe ido ya faɗa tabkin Nokuwe.

Ruwan iyakarsa cibiya. Dosu ya ce mutumin ya tsaya cak, ido a rufe, hannuwa a sama, yana jiran mutuwa, ita kuwa ba ta zo ba. Da ya gaji da jira ya buɗe ido ɗaya, ya ga jirgi, ya ga Dosu kwance a ciki yana riƙe da ciki don dariya. Ashe tabkin da ya yi shekaru yana kauce wa ko kallonsa, yawancinsa mutum a tsaye yake ratsa shi. Bai tsaya jin kunya ba, ya kutsa cikin akaja, laka na riƙe masa ƙafa, rassa na yagar rigar nan mai aljihu, kifi na bugun ƙwaurinsa. Ya bi ta, ta nutse, ta ɓullo, ya faɗa mata da ƙirji ya sha ruwa, ya taso da ita a hannu tana fito. Ya juya ya fuskanci inda rana ke fitowa, ya yi bisimilla da kabbara ya yanka. Shi ne yankansa na farko a duniya. Dosu ya ce daga nan ya ƙi hawa jirgi, ya yi ta zagawa cikin ruwan yana dariya shi kaɗai, sai da aka jawo shi.

Haka ya ratso Zongo da hantsi, jiƙe sharkaf, laka har gira, takalmi ɗaya ya tafi, tsuntsuwa a hannu. Mutane suka fito daga shaguna suna kallo, wasu ba su ma gane shi ba. Na bar tukunya a wuta na bi shi. Da ya isa gida bai shiga ɗakinta ba, ya tsaya bakin ƙofa ya miƙa wa Kaltumi, Kaltumi ta durƙusa ta ajiye a gaban Gwaggo.

Gwaggo ta ɗauka ta juya ta. Wuyan ta fara dubawa, ta sa yatsa a wurin yankan, ta ga jinin ya fita yadda ya kamata. Ta shafa farar fuskar da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce a dafa mata ruwa, kuma kowa ya ba ta wuri. Matar da sai an kama ta take fita alwala, ta ja jiki ta zauna bakin murhu, ta fige abinta, ta babbake, ta yanyanka, ta daka daddawa da kanta tana faɗa wai turmin garin nan ma ba shi da nauyi. Ni aka aika tuƙo tuwon gero. Da ƙamshin ya tashi, wallahi sai da na tuna Gaya, na koma bayan ɗaki na share ido kada bawana ya gani ya samu abin faɗa.

Ta ci. Muna zaune nesa muna yi kamar ba ma kallo, ta cinye malmala ta ce a ƙaro. Ta tsotse ƙashi ɗaya bayan ɗaya, ta shanye romon, gumi na zuba mata. Ta gutsura wa jikoki, ta sa a kai wa Malam Tahiru cinya, ta ce shi kuma delege a gaya masa ya yi haƙuri. Inusa yana tsugune a bakin zaure da lakarsa, ya ƙi zuwa wanka.

Da ta wanke hannu ta yi hamdala, sai ta juyo wurina, don da ni take magana in tana so ya ji. Ta tambayi wurin da aka harbo ta, ko akwai bado, ko ruwan na gudu ko a tsaye yake, ciyawar wace iri ce. Ni ina juyawa ina tambayarsa, yana amsawa, ina mayar mata, alhali duk muna jin juna. Ta taɓe baki.

“Tsohuwa ya harbo,” in ji ta. “Namanta tauri. Ta gaban garke kullum tsohuwa ce, wa ya ce masa ita ake harbi? Masu ƙiba suna baya. Kuma ba a tare su a buɗaɗɗen ruwa, wurin bado ake jiransu.”

Na ce to Gwaggo, ai koyo yake, ba shi da mai nuna masa.

“Na gani,” ta ce. “Ki gaya wa mai ɗinki, ran Lahadi su ajiye mini wuri a jirgin. A shimfiɗa mini tabarma a gaba, ni ba na zama a tsakiya.”

Kaltumi ta dube ni, na dube ta. Na juya zan isar da saƙo, na tarar Inusa ya kifa fuskarsa cikin tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, kuka yake yi da dariya a haɗe. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsi ba. Gwaggo ta yi kamar ba ta gan shi ba, ta ce a tambaye shi ko shi masuncin yana da sandar tuƙi ta kirki, don ita ba ta son jirgi mai jan jiki.